Wayar Salula ga Makafi da Masu Raunin Gani: Yadda Iyali Za Su Yi Zaɓi

A yau da wuya a shiga gida, a birni ko a ƙauye, a tarar babu wayar salula ko da guda ɗaya. Da ita ake gaida na nesa, da ita ake sanar da haihuwa da rasuwa, da ita kuma ake aika kuɗin cefane daga Yamai zuwa Tawa, ko daga Kwatano zuwa Damagaram. Amma a cikin gidajen nan namu akwai waɗanda wayar ke shiga hannunsu tamkar baƙuwar da ba su jin harshenta. Akwai kakar da yanar ido ta rufe mata gani, akwai magidancin da ciwon sukari ya raunana idonsa, akwai kuma saurayi ko budurwar da aka haifa ba su gani. Duk lokacin da ɗayansu ya so kiran wani, sai ya jira yaro ya dawo daga makaranta. Idan saƙo ya shigo, sai maƙwabci ya fara sanin abin da ke ciki kafin mai shi. Idan aka turo masa kuɗi, sai ya faɗa wa wani lambar sirrinsa.

Sau da yawa iyali kan yi niyyar alheri, su haɗa kuɗi su sayo waya mai tsada, su kawo ta a matsayin kyautar ba-zata, amma bayan mako biyu sai a gan ta a hannun jikoki suna kallon fim, mai ita kuwa yana nan yadda yake. Abin da muke so mu jawo hankalinmu gare shi a wannan fitowa shi ne ma'auni guda ɗaya: wayar da ta dace da marar gani ita ce wadda zai iya sarrafa ta shi kaɗai, ba tare da ya ari idon kowa ba. Tsada, da sunan kamfani, da kyan hoto, duk a bayan wannan suke.

A fara da likitan ido

Kafin a doshi kasuwa, ya kamata a fara bi ta asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2 da miliyan 200 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalar tasu abu ce da za a iya kauce mata tun farko, ko kuma wadda ba a yi mata magani ba tukuna. Manyan dalilan su ne rashin tabarau da yanar ido. Yanar ido kuwa aiki ne na ɗan lokaci kaɗan a hannun likita, mutum ya koma yana gani. Haka nan wanda ya haura shekara 40, ya fara nesanta waya daga fuskarsa kafin ya karanta, galibi tabarau na karatu kawai yake bukata.

Yankinmu ya samu ci gaba a wannan fage. A shekarar 2018 aka tabbatar Gana ta kawar da amosanin ido a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, Benin da Mali suka biyo baya a 2023. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar makantar nan da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Sai dai waɗanda suka riga suka rasa ganinsu suna nan tare da mu, kuma hawan jinin ido da ciwon sukari suna ci gaba da cin idanun mutane a ɓoye. Don haka likita ne zai faɗa mana ko ganin zai dawo, ko zai tsaya inda yake, ko kuwa zai ci gaba da raguwa. Amsar nan tana da tasiri a kan zaɓin waya, domin wanda ganinsa ke raguwa a hankali ya fi kyau ya fara koyon waya mai magana tun yana da sauran gani, kafin ranar da zai dogara da kunne kaɗai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk masu lalurar gani a matsayin abu guda. A gaskiya bukatunsu sun sha bamban. Wani yana ganin manyan haruffa idan ya kusanto da su. Wani yana ganin abin da ke gabansa kai tsaye amma gefe da gefe duhu ne. Wani farin haske ne ke damunsa, wani kuma ba ya bambance dare da rana. Bayan haka akwai bambancin shekaru da na karatu: ɗalibar da ta iya rubutun makafi da Faransanci ba daidai take da dattijon da ya makance yana da shekara 70 ba, wanda bai taɓa riƙe wata waya ba sai mai maɓallai.

Saboda haka tambaya ta farko mai wayar za a yi wa. A zauna da shi cikin girmamawa a ce: “Baba, me kuke so wayar nan ta yi muku?” Wataƙila amsarsa ita ce kiran ƴaƴansa biyar da sauraron rediyo, shi ke nan. Wataƙila kuma ƴar kasuwa ce mai son karɓar kuɗi da aika saƙon murya ga masu sayen kayanta. Wanda ya tsallake wannan tambaya, ko nawa ya kashe, sa'a kawai yake nema.

Yadda waya ke magana

Mutane da yawa na mamakin yadda makaho zai yi aiki da waya mai sulɓin gilashi, wadda babu abin da yatsa zai lalubo a kanta. Sirrin yana cikin wata manhaja da ke karanta abin da ke fuskar waya da murya. A shekarun 2000, makafin da ke da hali sukan sayi wayar Nokia sannan su sayi manhajar magana daban, irin su Talks da Mobile Speak, da kuɗi mai yawa. Al'amarin ya canza a 2009, lokacin da kamfanin Apple ya sa manhajar VoiceOver a cikin iPhone 3GS, a shekarar kuma Google ya fito da TalkBack domin wayoyin Android. Tun daga nan muryar ta zama kyauta, tana zuwa tare da wayar.

Ƙa'idar aikinta mai sauƙi ce. Idan an kunna ta, taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai. Wayar za ta faɗi sunan abin da yatsa ya sauka a kai ne kawai. Idan shi ake nema, sai a ƙwanƙwasa sau biyu da sauri a ko'ina a fuskar wayar, ya buɗe. Idan aka shafa yatsa zuwa dama, muryar za ta koma kan abu na gaba. Zuwa hagu kuma ta dawo baya. Ta haka mutum ke bin sunaye ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan wanda yake son kira. Ana iya rage saurin muryar ga mai koyo, a ƙara shi ga wanda ya ƙware, har ya kai inda mai gani ba ya iya bin abin da take faɗi.

A wayar da aka saita da Faransanci, ana samun wannan a Paramètres, sannan Accessibilité, sannan TalkBack. A iPhone kuwa Réglages ne, sannan Accessibilité, sannan VoiceOver. Akwai kuma gajeruwar hanya da ya kamata kowa a gida ya sani: a Android ana iya saita maɓallan ƙara da rage sauti, a danne su tare na daƙiƙa 3 domin kunna muryar ko kashe ta, a iPhone kuma a latsa maɓallin gefe sau uku a jere.

Masu sauran gani su ma ba a manta da su ba. A wannan sashe na Accessibilité ana iya ƙara girman haruffa da kaurinsu, a juya launi ya zama farin rubutu a kan baƙi, ko a faɗaɗa wani ɓangare na fuskar wayar kamar an ɗora madubin ƙara girma. Kyamarar wayar ma kan zama irin wannan madubi domin karanta rubutun kwalbar magani ko takardar kuɗin wuta.

Iri uku, kowanne da mutanensa

Na farko ita ce ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ake samu a kowace kasuwa da kuɗi kaɗan. Kada a raina ta. A kan maɓallin lamba 5 akwai ɗan tudu da aka yi musamman domin yatsa ya gane tsakiya, daga nan ya san inda sauran lambobi suke. Ana iya ɗaura sunan mutum a kan kowace lamba daga 2 zuwa 9, ta yadda dannewa ɗaya mai tsawo za ta kira shi. Batirinta kan yi kwanaki, tana jure faɗuwa da ƙura, wasu kuma suna faɗin lambar da aka danna. Ga dattijon da kira da rediyo kaɗai yake so, wannan ta wadatar. Rauninta shi ne yawancinsu ba sa karanta saƙo, ba sa faɗin sunan mai kira, don haka batun kuɗi da sirri yana nan ba a warware shi ba.

Ta biyu ita ce babbar waya ta shafawa. Ita ce ke buɗe ƙofa mafi faɗi: saƙonni, WhatsApp, karatu, hada-hadar kuɗi, da manhajojin da ke bayyana abin da kyamara ta gani. iPhone ta yi suna a wurin makafi saboda muryarta tana aiki iri ɗaya a kowane samfuri, amma tana da tsada, gyaranta ma haka. Wayoyin Android irin su Samsung, Tecno, Infinix da Itel sun fi sauƙin kuɗi, masu gyaransu kuma suna ko'ina, sai dai ingancin muryar ya danganta da ƙarfin wayar. Wannan iri ya fi dacewa da matasa, da ɗalibai, da ma'aikata, da duk wanda ke da haƙurin koyo na ƴan makonni.

Ta uku ita ce wayar da aka ƙera musamman domin makafi, kamar BlindShell ta ƙasar Cek, da MiniVision da SmartVision na kamfanin Kapsys na Faransa. Suna da manyan maɓallai masu tudu, suna magana tun daga kunnawar farko, suna kuma da maɓallin neman agaji. Sun haɗa sauƙin ta farko da wani ɓangare na amfanin ta biyu. Matsalarsu ita ce farashinsu kan haura jika 200 na sefa, ba a cika samunsu a kasuwanninmu ba sai an yi saƙo daga Turai, idan kuma suka lalace kayan gyaransu na da wuyar samu. Wanda ke da ɗa ko ƙane a can, yana iya tunani a kai, amma ya shirya wa ranar da za ta bukaci gyara.

Batun harshe

A nan ne gizo ke saƙar. Muryoyin da ke zuwa cikin wayoyi sun ƙware a Faransanci, da Larabci, da Ingilishi. Idan aka ba muryar Faransanci rubutun Hausa, za ta karanta shi da lafazinta, wani lokaci a gane, wani lokaci a yi dariya, haruffa masu lanƙwasa kuma su ƙara rikita ta. Saboda haka a zaɓi harshen da mai wayar ya fi ji a cikin ukun. Malamin da ya yi karatun zaure mai zurfi zai iya jin daɗin muryar Larabci fiye da ta Faransanci. Wanda ba ya jin ko ɗaya ma kada ya karaya, domin kalmomin da waya ke maimaitawa kullum ba su da yawa, kunne kuma yana saurin haddace su.

Akwai dabaru biyu masu sauƙi. Ta farko, a rubuta sunayen mutane a cikin wayar yadda muryar za ta furta su daidai. Idan muryar Faransanci ce, a rubuta Oumarou, Aïchatou, Chaïbou, kamar yadda ake rubutawa a takardar haihuwa. A yi amfani kuma da sunan da mai wayar ya saba kiran mutum da shi, kamar Yaya Babba ko Inna ta Maraɗi. Ta biyu, dangi su koma aika masa saƙon murya a maimakon rubutu. Tun 2013 WhatsApp ke da wannan hanya, kuma babu abin da ya kai ta sauƙi ga marar gani, domin Hausa ce tsantsa daga baki zuwa kunne. A 2024 kuma Google ya sa Hausa cikin harsunan da mutum zai iya yi wa wayar Android magana ta mayar da ita rubutu, abin da ke taimakon mai son aika rubutaccen saƙo ba tare da laluben haruffa ba, muddin akwai intanet.

Abin dubawa a jikin wayar

Idan an tsayar da shawara a kan babbar waya, ga abubuwan da suka fi hoto muhimmanci. Na ɗaya, ƙarfin ƙwaƙwalwar aiki. Manhajar magana aiki take yi ba hutawa, waya mai rauni kuwa takan yi jinkiri tsakanin taɓawa da amsawa. Mai gani zai iya jure wannan jinkiri domin yana kallon abin da ke faruwa. Marar gani kuwa idan waya ta yi shiru, bai san ko ta ji ko ba ta ji ba, sai ya sake taɓawa, ya buɗe abin da bai nufa ba. Shawararmu ita ce kada a sauka ƙasa da giga 4. Araha ba ta ado.

Na biyu, lasifika mai ƙarfi da tsabtar sauti, wadda za a ji a cikin hayaniyar kasuwa ko tasha. Na uku, ramin abin saurare na kunne. Wayoyi da yawa masu tsada sun daina zuwa da shi, iPhone ma ta cire shi tun 2016, alhali mai igiya ya fi araha, ba ya bukatar caji, kuma a wayoyi da dama shi ne eriyar rediyo. Na huɗu, bakin caji irin na USB-C, wanda ke shiga ta kowace fuska. Tsohon irin yana da sama da ƙasa, kuma tura shi a juye ne ke ɓata wayoyi da yawa. Na biyar, wurin buɗe waya da zanen yatsa ya kasance a gefe ko a baya, inda yatsa zai lalubo shi, domin wanda ke ƙarƙashin gilashi ba shi da alamar da za a ji. Na shida, babban batir, saboda ɗaukewar wuta. Ga albishir kuma, wanda ba ya gani sam zai iya rage hasken fuskar wayar har ƙasa, ko ya rufe ta baki ɗaya, cajin ya ƙara daɗewa. A ƙarshe a saya mata riga mai kauri da ba ta sulɓi, da igiyar ratayawa a wuya. Gilashin da ya tsage kuwa a canza shi nan da nan, domin yatsan da ke shafa shi dare da rana shi ne idon mai wayar.

Gwaji a gaban mai shago

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan ciniki kuwa taɓawa ce ke korar ji. A tafi kasuwa tare da mai wayar, a sa ta a hannunsa kafin a biya. A ce wa mai shago: “Malam, don Allah kunna muna muryar mu ji.” Idan bai san inda take ba, a nuna masa. Idan babu TalkBack a ciki, ana iya sauke ta kyauta daga Play Store, amma a yi haka a nan take, a tabbatar tana aiki.

Sannan a gwada abubuwa biyar, mai wayar da kansa, ko da ana kama masa hannu a karon farko: ya buɗe wayar, ya ji ƙarfe nawa, ya kira wani, ya amsa kira ya kuma katse shi, ya saurari saƙo. A lura musamman da amsa kira, domin a nan ne wayoyi suka fi bambanta. Da yawa ana iya saita su a amsa da maɓallin sauti, a katse da maɓallin kunnawa, wanda ya fi shafa gilashi sauƙi. Idan wayar da aka riga aka yi amfani da ita ce, a bi kowane lungu na fuskarta da yatsa, domin wurin da ya mutu ba ya nuna kansa ga ido. A tabbatar kuma tsohon mai ita ya cire asusunsa, musamman a iPhone, in ba haka ba wata rana za ta kulle, ba mai iya buɗe ta. A nemi takardar sayayya da alkawarin canji na ƴan kwanaki.

Kuɗi da sirri

Wannan shi ne ya fi komai nauyi. Aika kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, marar gani kuwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan lambar sirrinsa na hannun wasu. Ba zargin kowa muke yi ba, amma amana ta fi daɗewa idan ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba, gidaje da yawa kuma sun ga saɓani a kan jika biyu da aka rasa inda suka shiga. Da waya mai magana, mutum zai ji saƙon shigar kuɗi da kunnensa, ya ji abin da ya rage, ya shigar da lambarsa da hannunsa.

Sharaɗin shi ne ya sa abin saurare a kunne duk lokacin da zai yi harkar kuɗi, ya kuma rufe hasken fuskar wayar, domin shi ba ya ganin wanda ke leƙe ta kafaɗarsa. Hanyar nan ta danna tauraro da lambobi tana yankewa idan aka yi jinkiri, saboda haka a yi ta maimaita ta a gida da ƙaramin kuɗi har hannu ya saba. A kuma gargaɗe shi, kamar yadda ake gargaɗin kowa, cewa duk wanda ya kira yana neman lambar sirri da sunan kamfani ko da albishir ɗin cin kyauta, ɗan damfara ne.

Idon aro, da lokacin salla

Babbar waya tana da wata baiwa: kyamararta kan zama ido. Manhajar Seeing AI ta Microsoft, wadda ta fito a 2017, da Lookout ta Google, ta 2019, suna karanta rubutun takarda da na kwali da murya. Be My Eyes kuwa, wadda wani ɗan ƙasar Danmak mai raunin gani ya ƙirƙiro, ta fara aiki a 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa-kai mai gani ta kiran bidiyo, ya faɗa masa launin riga ko ranar lalacewar magani. Dukkansu kyauta ne, sai dai wasu ayyukansu na cin kuɗin intanet. A kiyaye abu biyu: kada a nuna wa baƙo katin banki ko takardar sirri, kada kuma a manta cewa kyamara tana ɗaukar duk abin da ke gabanta, har da iyalin da ke cikin gida. Kiran bidiyo ga ɗa ko ƴar'uwa amintacciya yakan biya wannan bukata cikin kwanciyar hankali. A batun magani kuma, kada a dogara da na'ura kaɗai wajen sanin adadin da za a sha.

Sanin lokaci ma babbar bukata ce. Ya zo a tarihi cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya yarda da shi, ladanin Madina wanda ba ya gani, ba ya kiran sallar asuba sai an sanar da shi alfijir ya keto. A yau waya na iya faɗin lokaci, ta kuma tunatar da lokutan salla da na sahur. Sai dai ba kowace manhajar salla ko ta Alƙur'ani ce aka gina ta yadda muryar za ta karanta maɓallanta ba. Wata sai dai a ji tana cewa “bouton” ba tare da bayani ba. A gwada biyu ko uku, a bar wadda ta fi magana. Ga mai ƙaramar waya kuma, katin memori da aka zuba wa karatu da tafsiri, aka jera surori bi da bi, ya isa.

Bayan an dawo gida

Sayen waya rabin aiki ne. Kwanakin farko suna da wuya: muryar za ta yi kamar surutu, yatsa zai yi ta kuskure, mai koyo zai ce a mayar masa da tsohuwar wayarsa. A nan ake bukatar haƙurin iyali. A ware minti 20 kullum, a koyi abu ɗaya tak, kada a wuce shi sai ya zauna. Mai koyarwa ya rufe idonsa ya gwada da kansa tukuna, domin ya san abin da yake nema daga wani. Kada ya fizge wayar ya ce “kawo in yi maka”. Ya yi bayani da baki, hannun mai ita na kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Yara kuma a kafa musu doka: wayar Kaka ba ta wasa ba ce. Wanda ya kashe muryar ya manta bai kunna ba, ko ya canza wa manhajoji wuri, ya yi daidai da wanda ya sauya wa makaho jeren kayan ɗakinsa ba tare da ya faɗa masa ba.

Mafi kyawun malami kuwa shi ne makaho ɗan'uwansa da ya riga ya ƙware. A Nijar akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, da makarantar makafi ta Soli Abdurahaman a Yamai. A Kamaru akwai ƙungiyar CJARC a Yawunde. A garuruwanmu kuma akwai sarakunan makafi, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. A neme su tun kafin a sayi wayar, domin sun san wadda ta yi musu aiki da wadda ta ba su wahala.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu bukata ta musamman, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta ambaci samun damar amfani da hanyoyin sadarwa a cikin haƙƙoƙinsu. Amma kafin hukuma ta iso, gida ne ke fara cika wannan haƙƙi. Ranar da mahaifiyarmu ta kira ɗanta da ke Kumasi ba tare da ta jira kowa ba, ta ji saƙonta ita kaɗai, ta san abin da ke cikin asusunta, ranar ce za mu ce kuɗin wayar ya yi amfani. Allah ya ƙara wa idanunmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace.